Fosfet Ɗin da Ya Raba Surukai

Farfesa ya yi suna ne a kan furotin guda ɗaya, kuma a kan wannan furotin ya rasa babban amininsa, wanda shi ne kuma mijin ƙanwarsa.

Sunan furotin ɗin haruffa ne da lambobi, ba mai iya riƙe shi sai wanda abincinsa ke nan. Ƙanwar Farfesa, wadda dangi ke kira Auta har yanzu da ta fara furfura, da gangan ta ƙi koyon sunan. "Abin nan naku" take cewa. Aikin abin nan nasu kuwa ba shi da wuyar faɗa. A cikin kowace ƙwayar hanta akwai cibiya inda ƙwayoyin gado suke jere, wasu a buɗe suna aiki, wasu a rufe suna jira. Furotin ɗin ne ke shiga cibiyar ya zauna a kan waɗansu ya buɗe su, hanta ta kama sarrafa sukari. Sai dai ba ya shiga haka kawai. Sai an liƙa masa wani ɗan mitsitsin sinadari da ake kira fosfet, sannan ya canja siffa, ya tashi ya shige ciki. Farfesa ne ya fara nuna haka tun gashinsa yana baƙi wuluk, kuma da wannan bincike ya samu kujerarsa, da ɗakin gwaji mai manyan tagogi a hawan ƙasa, da gayyata zuwa taruka a garuruwan da bai taɓa tunanin zai taka ba.

Mijin Auta, wanda tun suna makaranta ake kira Dogo, nasa ɗakin gwajin yana saman na Farfesa, a gini ɗaya. Ɗaki ɗaya suka zauna lokacin karatu, kuma a gidan su Farfesa ya fara ganin Auta. Halinsu kuwa ya sha bamban. Farfesa wuta ne, yana tafiya yana magana yana neman makullin da ke hannunsa. Dogo idan ka gaishe shi sai ka yi nisa kafin amsar ta iso ka.

A wani taron masana ne abin ya ɓaci. Farfesa ya gama jawabi, ana tafi, sai Dogo ya ɗaga hannu daga baya. Ya miƙe a hankali, ya gyara murya, ya ce shi ma ya daɗe yana liƙa wa furotin ɗin fosfet a ɗakinsa, amma abin da yake gani shi ne furotin ya saki ƙwayoyin gadon, an koro shi waje, an daddatsa shi.

"Abin da kake cewa yana kunnawa," in ji shi, "ni a wurina kashewa yake yi."

Aka ɗan yi dariya. Dariyar nan ce ta hau kan Farfesa. Ya ce a gaban kowa akwai mutanen da ya kamata su fara koyon wanke kwalabe kafin su koyi musu. Aka sake dariya, wannan karon ba da Dogo ba.

Daga ranar ba su ƙara ga-maciji ba. Mutanen da suka damu da furotin ɗin nan a duk duniya ba su cika mota ɗaya ba, amma suka rabu gida biyu, kowane gida na rubuta takardun da ke nuna ɗayan bai san aikinsa ba. Ɗalibai suka laƙaba musu suna a ɓoye, na ƙasa Baba Kunna, na sama Baba Kashe, kuma sabon ɗalibi tun a makon farko ake gaya masa cewa ko ruwan wanke hannu ba a arowa tsakanin hawa biyun. Idan dangi suka taru, surukan su gaisa iya gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, sannan kowa ya sami bangon da zai kalla. Auta ta gwada lallashi, ta gwada fushi, ta gwada kuka, daga baya ta haƙura ta riƙa ziyartar yayanta ita kaɗai.

Farfesa bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma gabar tana masa daɗi. Duk safiyar da ya ji takun Dogo a saman kansa, yana jan ƙafa daga tebur zuwa firji, sai ya ji wani ƙarfi ya shige shi. Ya san me zai yi da ranarsa.

Ana haka 'yar Dogo ta dawo daga karatu da digirin dakta. Tun tana ƙarama ake kiranta Donme, saboda ba a gaya mata abu ba tare da ta ce don me ba, kuma sunan ya bi ta har girma. Ta dawo da wata gwaninta da tsofaffin biyu suke karantawa kawai a mujalla: tana iya canja harafi ɗaya a ƙwayar gado, furotin ya fito cif yadda yake, sai dai wurin da fosfet ke liƙewa ya toshe. Kowa ya ɗauka sama za ta hau wajen ubanta. Sai ga ta a ƙofar Farfesa tana neman gurbi.

Dalilinta bai wuce na'ura ba. A hawan ƙasa ne kaɗai akwai na'urar da ke auna gutsattsarin furotin ta nuna inda aka liƙa masa wani abu, kuma Donme ta faɗa wa Farfesa haka baki da baki. Farfesa ya gyaɗa kai, ya yi murmushin wanda ya gane abin da kunya ta hana yarinya faɗa. A ranar ya buga wa Auta waya, wai yana tambayar lafiyar Dogo, ya ce a ba shi haƙuri, yaran yanzu idonsu a buɗe yake.

Aikin da ya ba ta guda ɗaya ne: ta toshe wurin fosfet ɗin da ya gano, a ga ko furotin zai iya buɗe komai. Idan ya kasa, magana ta ƙare. Ya ce ba don kansa yake yi ba, don ilimi ne, kuma yana tausaya mata da za ta zama sanadin rufe bakin mahaifinta. Ta ce ba komai, ta sa safar hannu.

Watanni ta yi a kai. Ta shuka ƙwayoyin hanta a faranta-faranta masu jan ruwa, wasu suka mutu, ta sake shukawa. Farfesa yana leƙowa sau ba adadi a yini, yana tsayawa a bayanta yana numfashi, har ta roƙe shi da ladabi ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da sakamako ya fito, furotin ɗin da aka toshe ya zauna a waje kamar baƙon da ba a yi wa iso ba, ƙwayoyin gadon kuma ko motsi. Farfesa ya aika aka sayo lemo da biskit, ya tara ɗalibai, ya yi jawabi da murya mai ƙarfin da ya tabbata za ta ratsa silin. Donme ta sha lemonta, ta koma kan na'ura.

Bayan wasu makonni ta same shi a ofis da hantsi, yana gyara takardar da ya riga ya fara rubutawa. A wurin aiki Farfesa take kiransa kamar kowa. Ranar ta rufe ƙofa ta ce, "Kawu." Ya ajiye biro.

"Wuraren biyu ne, Kawu."

"Wuraren me?"

Ta shimfiɗa hotunan a kan tebur, ta ture kofin shayinsa gefe. Ta ce abin da ya dame ta shi ne, da ta riƙa ɗiban furotin na ainihi lokaci bayan lokaci tana aunawa, na'ura ta nuna wani fosfet da ba nasa ba. "Naka yana kusa da kan furotin ɗin, wannan yana can wajen wutsiyarsa. Naka ne ke fara zuwa, furotin ya shiga ya buɗe. Can an jima na biyun ya zo ya sallame shi, a fitar da shi a daddatsa. Da na toshe na biyun, ƙwayoyin gadon sun buɗe sun ƙi rufuwa, har ƙwayoyin hantar suka fara mutuwa."

"Wato kina so ki ce ubanki…"

"Baba ma daidai ya gani. Kai da wuri kake zuwa, shi a makare."

Ta bayyana masa sauran a hankali, kamar mai cire ƙaya. Idan aka zuba wa ƙwayoyin sinadarin da ke tayar da su, Farfesa ba ya iya jira. Kafin shayi ya huce ya kwashe su ya niƙa, kuma haka ya koya wa duk ɗalibin da ya taɓa bi ta hannunsa. Dogo kuwa yana zubawa ya tafi aji, daga aji ya wuce cin abinci, sai ya dawo ya duba. Kowannensu ya rubuta lokacinsa ɓaro-ɓaro a ƙarshen takardunsa, cikin ƙananan haruffa. Matsalar ita ce tun ranar taron nan ba wanda ya ƙara karanta takardar ɗan'uwansa ya wuce shafin farko, inda ake samun abin jin haushi.

Farfesa ya daɗe yana kallon hotunan. Idonsa ya gaya masa aikin ba shi da makusa, kuma wannan ne ya fi ɓata masa rai. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce ta sake da sababbin ƙwayoyi, da sabon sinadari, da wani ɗalibi a tsaye yana kallo. Duk ta yi, amsa ba ta canja ba. Sai ya ce a ajiye maganar tukuna, ilimi ba ya son gaggawa. Ɗaliban da suka ji wannan kalma daga bakin Baba Kunna sai da suka fita waje suka yi dariya.

Abin da ya faru a gidan Dogo, daga bakin Auta ya ji. Ta zo ofishinsa ba sanarwa, ta zauna da jaka a cinya. Ta ce yarinya ta kai wa ubanta hotunan a kan teburin cin abinci, ya sa tabarau, ya duba har abinci ya yi sanyi, sannan ya ce rabin da ya shafi wutsiya aiki ne mai kyau, ɗaya rabin kuwa, to, kowa ya san yadda ake wanke kwalabe a hawan ƙasa.

"Ni na zaci murna za ku yi, Yaya. Yarinya ta ce duk kun yi daidai."

"Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi kowa ya yi rabin daidai."

"To rabin bai isa ba? Ni shekarun nan ko kwata ban samu ba."

Farfesa ba zai iya gaya mata cewa ba kuskurensa ne ke cin sa ba, tunda bai yi kuskure ba. Abin da aka ƙwace masa shi ne kuskuren Dogo, wanda ya reno shekara da shekaru kamar ɗan cikinsa.

Da Auta ta miƙe za ta tafi, sai ta juyo daga bakin ƙofa ta ce, af, ta manta, Donme ta ce tunda ba wanda ya yarda da aikin, ba za ta ɓata wa kowa suna ba, za ta tura takardar da sunanta ita kaɗai.

Washegari da rana Farfesa ya hau bene. Bai san matakan sun yi yawa haka ba. Sai da ya tsaya a tsakiya ya dafa ƙarfe, yana yi kamar yana karanta sanarwar da ke bango. Ɗaliban sama suka daskare da kwalabe a hannu. Ofishin Dogo yana nan yadda ya san shi, tsohuwar butar shayi mai igiya a naɗe da salatif, da shukar da ba ta girma ba ta mutuwa. Dogo ya ɗago kai, ya ɗauki lokaci, sannan ya kwashe mujallu daga kan kujera.

Suka gaisa. Farfesa ya ce ya zo ne a kan yarinyar nan.

"Gaggawa gare ta," in ji Dogo.

"Abin da na ce ke nan."

"Halin gidanku ta ɗauko."

Farfesa ya haɗiye wannan. Suka amince, karo na farko tun gashinsu yana baƙi, cewa bai kamata a bar ƙaramar yarinya ta fita duniya da aikin da manya ba su tace ba. Za a yi mata dariya, kuma sunan gida ne zai ɓaci. Don kare ta, suka yanke shawarar zama tare su nemo inda ta yi kuskure.

Suka raba aiki ba tare da sun faɗa ba. Dogo ya sa fosfet ɗin kai a gaba yana neman yadda zai rushe shi, Farfesa ya kama na wutsiya. Kullum da rana a kira Donme sama, ta tsaya a gaban allo, su yi ta jifanta da tambaya. Ta gwada a wasu irin ƙwayoyi? Ta gwada. Ta hana furotin mai liƙa fosfet ɗin aiki ta ga abin da zai faru? Ga hoton. Ta cire fosfet ɗin bayan ya liƙe? Ga shi a shafi na gaba. Idan Dogo ya matsa wa fosfet ɗin kai, Farfesa ne ke zabura ya kare ta. Idan Farfesa ya taɓa na wutsiya, Dogo ya cire tabarau ya fara bayani a hankali har kowa ya gaji ya yarda. Da yawan lokuta Donme tsayawa kawai take da alli a hannu, su biyun suna kare aikinta daga junansu.

Farfesa ya lura yana ɗokin ranar ta yi. Ya manta cewa Dogo, duk sanyinsa, idan ya yi tambaya tana zuwa ne daidai inda ke ciwo, kuma ya manta daɗin samun wanda zai yi maka irin wannan tambayar. Wata rana musu ya ɗauke su har suka sauka tare, suka ratsa tsakar gini, suka zauna tebur ɗaya a ɗakin cin abinci. Mai sayar da abincin ta zuba musu shinkafa tana kallon wannan tana kallon wancan, har miya ta zube a gefen faranti.

Kuskure dai bai samu ba. Da suka ga haka, sai suka yarda cewa aikin, bayan tacewar da suka yi masa, ya kai a buga. Suka kuma yarda cewa zai fi nauyi idan sunayensu suna ciki, don amfanin yarinyar.

Nan wata ta taso. A irin waɗannan takardu, sunan farko na wanda ya yi aikin ne, wannan ba gardama. Sunan ƙarshe kuma na babba ne, mai ɗakin. Farfesa ya ce a ɗakinsa aka yi, da na'urarsa. Dogo ya ce a gidansa aka haifi mai aikin. Aka kusa komawa gidan jiya. Donme ce ta raba: a sa wa sunayen biyu alamar tauraro, a rubuta a ƙasa cewa matsayinsu ɗaya, Kawu ya zo ƙarshe, amma a taken takardar kalmar kashewa ta riga kalmar kunnawa. Kowannensu ya koma gida yana ganin ya ci riba.

Takardar ta fito, ta yi farin jini. Masanan da suka rabu gida biyu suka gano cewa dama can suna zargin haka. Farfesa ma ya koma tsohuwar takardarsa ta farko, ya tono wata jimla a shafin ƙarshe da ke cewa ba a kore yiwuwar samun wasu wuraren ba, irin jimlar da kowa ke rubutawa don rufe baki. Ya ja mata layi, ya riƙa karanta ta a duk jawabi. Ba a daɗe ba Dogo ya samo tasa.

A ƙarshen shekara jami'a ta karrama su biyun. Mai gabatarwa ya karanta cewa wannan misali ne na haɗin kai da ba kasafai ake gani ba: masana biyu, surukan juna, sun raba aiki tsakaninsu shekaru da dama, ɗaya ya riƙe farkon labari, ɗaya ya riƙe ƙarshe, cikin haƙuri da fahimtar juna. Aka yi tafi. Farfesa ya ji hawaye na neman zubo masa, don a yadda aka faɗa ɗin, ya ga kusan haka aka yi. A jawabinsa ya gode wa ɗan'uwansa kuma abokin tafiyarsa, ya gode wa jami'a, sannan ya gode wa matasa masu taimaka musu a ɗakin gwaji. Donme tana layi na uku kusa da uwarta, saboda kujerun gaba na manyan baƙi ne. Auta ba ta tafa ba. Ta ce hannunta ke ciwo.

Ba a jima ba Donme ta samu aiki a wata cibiyar bincike mai nisa, inda aka ba ta ɗakin gwajin kanta. Ta ce za ta koma kan wani furotin na ƙoda wanda ba wanda yake da ra'ayi a kansa a cikin dangi. Ranar da take kwashe kayanta, Farfesa ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsaya yana kallonta tana naɗe kwalabe a jarida. Akwai maganar da ke cin sa tun ranar karramawa, cewa aikin nata ne, kuma da niyyar faɗarta ya zo. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Hoto na huɗu a takardar nan," ya ce, "da kin sa launi mai duhu, da ya fi fitowa."

Ta dube shi, ta yi dariya, ba ta raini ba. "Na gode, Kawu. Zan kiyaye."

Ya taya ta ɗaukar kwali ɗaya har mota, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya kuma tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana.

Surukan sun haɗe ɗakunan gwajinsu bayan haka. Farfesa ya gaya wa ɗalibansa cewa ya yafe wa Dogo ne saboda Auta. Dogo ya gaya wa nasa haka nan. Yanzu kusan kowace yamma Farfesa yana falon ƙanwarsa, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, su biyun suna musu a kan wane fosfet ne ya fi muhimmanci. Farfesa ya ce in ba a buɗe ba me za a rufe. Dogo ya ce ƙwayoyin da ba a rufe musu ba ai mutuwa suka yi. Auta takan kawo musu shayi ta koma kicin ta ja ƙofa, ta kira 'yarta a waya. Ta ce mata ba ta raina ƙoƙarinta ba, Allah ya yi mata albarka, amma lokacin da ba sa magana gidan ya fi zama lafiya.